A ɓoye sunana: ƙanena ya ce ya kusa hutar da mu

Admin: Assalamu alaikum. Wata 'yar uwa daga cikin gari ta turo wannan ta akwatin sirri. Na sa shi yadda ta rubuto. Duk wanda ya yi zagi zan goge, ba sai na yi masa magana ba.

"Admin don Allah a ɓoye sunana. Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, shekararsa 19. Tun yana ƙarami ba ya shiga cikin maza, kullum yana gindin murhu wajen Umma, tafiyarsa da maganarsa duk irin tamu. Yaran layi sun sa masa ɗan daudu tun yana firamare, mu kuma muna cewa in ya girma zai daina. Watan jiya ya faɗa min yana kuka cewa tun da ya yi wayo bai taɓa jin kansa namiji ba, in ya ga gemu yana fito masa ji yake kamar an ɗaure shi a jikin wani. Na tsorata na faɗa wa Umma, Umma ta faɗa wa Baffa, don Abbanmu ya rasu. Baffa ya yi masa dukan tsiya, ya ce in bai shiryu ba kafin azumi ya bar masa gida. Tun ranar ba ya cin abinci sosai, ya daina zuwa shagon ɗinki, ya ba autanmu takalmansa da agogonsa. Shekaranjiya ya ce min, Yaya ki yafe min, na kusa hutar da ku. Na kuma ga ƙwayoyin tsarin iyali a ƙarƙashin katifarsa, wai a intanet ya ga suna mayar da jiki na mace. Ni kuma na karanta cewa irinsu in ba a ba su maganin sauya jinsi ba kashe kansu suke yi. Gaskiya ne? Ya zan yi?"

Ɗan Gwale: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Aikin waya ne wannan. A ƙwace wayar, a kai shi ruƙiyya, a yi masa aure. Shi ke nan.

Sista Binta: 'Yar uwa, ki ajiye maganar jinsi a gefe na daren yau. Abin da ya ɗaga min hankali shi ne rabon kayan da neman yafiyar. Shekara 14 ina aikin jinya a ɓangaren masu ciwon ƙwaƙwalwa, in waɗannan biyun suka haɗu da ƙin abinci da janye jiki daga mutane, ba ma jiran gari ya waye. Ki zauna da shi ki tambaye shi baki da baki: kana tunanin kashe kanka? Kada ki ji tsoron kalmar. Mutanenmu suna zaton tambayar ce take cusa wa mutum tunanin, alhali an bincika an ga ba haka ba ne, yawanci ma ajiyar zuciya yake yi don an samu wanda ya lura. Kada ya kwana shi kaɗai. Maganin ƙwari, maganin ɓera, tarin magungunan Umma, duk a fitar da su daga gidan. Gobe da sassafe ki kai shi Asibitin Malam Aminu Kano, akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa, ko kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Ƙwayoyin nan kuma ya daina. Sinadarin da ke cikin yawancinsu yana iya sa jini ya daskare a jijiya, ko a ƙasashen da ake ba da maganin sauya jinsin an daina amfani da irinsa.

Ɗan Gwale: Sista, wanda ya yi niyya ai ko kin ɓoye komai zai samu hanya.

Sista Binta: Ba haka abin yake ba, Malam. Zafin niyyar sau da yawa na ɗan lokaci ne, in abin ba ya kusa da hannu sai ya wuce. Siri Lanka ta hana sayar da magungunan ƙwari mafiya guba, tsakanin 1995 da 2015 yawan masu kashe kansu ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100. Kuma akasarin waɗanda suka gwada suka tsira ba ta haka suke mutuwa daga baya ba.

Ummi Tarauni: Ni tambayarta ta ƙarshe zan amsa, tunda kowa yana kauce mata. E, gaskiya ne. A Amurka a 2015 an tambayi masu sauya jinsi sama da 27,000, kashi 40 cikin 100 suka ce sun taɓa yunƙurin kashe kansu, alhali a sauran jama'ar ƙasar bai kai kashi 5 ba. Kuma akwai binciken birnin Siyatil na Amurka na 2022 da ya nuna matasan da aka ba magani tunanin kashe kai ya yi ƙasa a cikinsu da kashi 73 in aka kwatanta da waɗanda ba a ba ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta cire abin daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa tun 2019. Mu ne dai muke rufe ido.

Abban Khalifa: To ga shi nan an fara. Daga neman shawara an koma tallar aƙidar Turawa.

Dakta Musa: Abban Khalifa, bari mu saurare ta, alƙaluman da ta kawo ba ƙirƙira ta yi ba. Ni likitan iyali ne, ina aiki a Ingila, kuma a gabana aka yi wannan rigimar, don haka ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita.

Tambayoyi biyu ne ake cakuɗawa. Ta farko, shin haɗarin ya fi yawa a cikinsu? Wannan babu jayayya. Denmak tana da rajistar kowane ɗan ƙasa, aka bi mutum miliyan 6.6 daga 1980 zuwa 2021, aka wallafa a 2023. Yunƙurin kashe kai a masu sauya jinsi ya ninka na sauran jama'a kusan sau 8, mutuwar kanta kuma sau 3 da rabi. Asibitin Amsadam a Holan ya bi mutum 8,263 daga 1972 zuwa 2017, 49 suka mutu ta wannan hanyar. Ku lura da lambar nan da kyau. Ta fi ta sauran jama'a sau 3 zuwa 4, amma 49 ne cikin dubu takwas da ɗoriya. Wato mafi yawansu sun rayu. Ina nanata wannan ne saboda yaron da ya karanta a waya cewa irinsa mutuwa ce makomarsu, an riga an yi masa illa.

Ta biyu, shin homon (sinadarin da ke sa jiki ya nuna alamun namiji ko na mace) da tiyata da allurar dakatar da balaga su ne suke hana mutuwar? Nan ne likitoci suka rabu. Ummi, binciken Siyatil ɗin mutum 104 ne, an bi su shekara ɗaya kacal, kuma da yawa daga waɗanda ba a ba maganin ba sun daina zuwa kafin a kammala. Na 2015 kuwa ta intanet aka cike shi, wanda ya ga dama ya shiga, ba zaɓen mai-uwa-da-wabi aka yi cikin jama'a ba. Hukumar lafiyar Ingila ta sa Dakta Hilary Cass, tsohuwar shugabar likitocin yara, ta duba duk hujjojin. Ta ba da rahotonta a Afrilun 2024, ta ce hujjar amfanin magungunan nan ga yara mai rauni ce, kuma ba ta isa a ce suna rage kashe kai ba. A Finlan an bi matasa 2,083 da aka tura asibitin jinsi, aka ga in an yi la'akari da sauran ciwon ƙwaƙwalwar da suke fama da shi, tazarar da ke tsakaninsu da sauran matasa a mutuwa ba ta fita fili. Finlan da Suwidin da Ingila duk sun ja birki a kan yara. Manyan ƙungiyoyin likitocin yara da na homon a Amurka kuma suna nan a kan goyon bayan maganin, sun soki rahoton Cass, kuma akwai bincike da dama a kan manya da ke nuna suna samun sauƙin damuwa bayan sun fara.

Ummi Tarauni: To Dakta ka ga ai akwai masu cewa yana aiki.

Dakta Musa: Akwai, kuma ban ce ƙarya suke ba. Na ga manya a ɗakin duba marasa lafiyata da suka ce sai bayan sun fara suka iya barci. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce wa 'yar uwar nan ko magani ko gawa. Ba gaskiya ba ne, kuma a Kano babu asibitin da zai ba shi, to kin ga kin rufe mata ƙofa ke nan.

Abban Khalifa: Ni na ji an ce a Suwidin waɗanda aka yi wa tiyatar sun fi kowa kashe kansu, har sau 19. To ina amfanin baɗi ba rai?

Dakta Musa: Binciken 2011 kake nufi, mutum 324. Lambar haka take, amma da sauran jama'ar gari aka kwatanta su, ba da 'yan uwansu da ba a yi wa tiyata ba. Don haka bai nuna tiyatar ce ta jawo ba, masu binciken da kansu sun faɗi haka. Abin da ya nuna shi ne ko bayan tiyata mutum yana buƙatar kulawa. Kowane ɓangare yana ɗaukar lambar da ta yi masa daɗi ya bar sauran.

Maman Ilham: Ku kuna ta Suwidin da Finlan, yaro yana cikin gari Baffa ya ba shi wa'adi. Ni na ga irin wannan a layinmu. Yaron maƙociyata ne, shi yake yi wa duk amaren unguwa lalle, hannunsa kamar inji. Yayyensa maza suka taru suka kore shi, wai yana zubar musu da mutunci. Ya tafi Abuja. Shekara biyu babu wanda ya neme shi sai uwar, a ɓoye take aika masa da kuɗin adashinta. Ranar da aka kawo gawarsa waɗanda suka kore shi su suka fi kowa kuka. Har yau uwar in ta ga ƙunshi a hannun yarinya sai ta kau da kai. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, jama'a.

Sista Binta: Allah ya jiƙansa. Maman Ilham, abin da kika faɗa shi ne wurin da masu binciken ba su cika saɓani ba. Kora daga gida, duka, tozartawa, rasa sana'a, su ne suke tura mutum bakin rami. Akwai wani bincike na Amurka na 2009, a kan matasa masu sha'awar jinsinsu ne ba masu sauya jinsi ba, amma darasin ɗaya ne: waɗanda danginsu suka yi watsi da su sosai sun ninka sauran fiye da sau 8 wajen yunƙurin kashe kai. Wannan maganin yana hannun Baffa, ba ya buƙatar biza.

Ɗan Gwale: Wato a rungume shi a ce ya yi daidai? Annabi (SAW) ya la'anci mazan da ke kamanceceniya da mata.

Malam Auwalu: Hadisin ingantacce ne, Bukhari ya ruwaito shi daga Ibn Abbas, babu mai musu. Amma ɗan uwa, malamai ba su tsaya nan ba. Imamu Nawawi a sharhinsa na Sahihu Muslim ya raba mukhannas, wato namiji mai ɗabi'un mata, gida biyu. Akwai wanda haka aka halicce shi, laushin magana da motsi ba shi ya ƙirƙiro su ba, ya ce wannan babu zargi babu zunubi a kansa. Akwai kuma mai yi da gangan, shi la'anar ta hau. Yaron da tun yana firamare haka yake, wa ya isa ya rantse da gangan yake?

Maganar sauya jiki kuwa daban ce. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta yanke a 1989 cewa wanda gaɓoɓinsa suka cika na namiji ko na mace bai halatta a sauya shi ba, an yarda ne kawai ga mata-maza, wanda halittarsa ta zo a cakuɗe, a daidaita shi zuwa ɓangaren da ya rinjaya. Iran ce ta bi wata hanyar da fatawar Khumaini, wadda ta halatta tiyatar. Ni a kan na farko nake, ba zan ɓoye ba. Sai dai hana tiyata abu ɗaya ne, jefa yaro kan titi wani abu ne. Ayar Suratun Nisa'i ta 29 da ta hana mu kashe kanmu da ambaton jinƙan Allah ta rufe. Baffa kuma amanar maraya ce a hannunsa.

Hajiya Ladi: Allah ya gafarta Malam, in kana da hali ka je ka samu Baffan da kanka mana. Irin waɗannan dattawan ba sa jin maganar mace, balle 'yar ɗan uwansu.

Malam Auwalu: In 'yar uwar ta amince, Admin ya haɗa mu. Ba zan je da wa'azi ba, gaisuwa zan je.

Baba Ɗanlami Fagge: Ni abin da ke ba ni mamaki masu cewa waya ce ta kawo. Ina yaro a shekarun 1970, duk tashar da ka shiga a garin nan 'yan daudu ne ke tuyar kaji da tuwo, direbobi na layi. A biki su ne kan tukunya. Ana yi musu ba'a, ana kuma cin abincinsu, in sun mutu a yi musu sallah. Lokacin ko talabijin babu a gidanmu. Ban ce abu ne mai kyau ko mara kyau ba, na ce dai mun tashi mun gan su.

Dakta Musa: Baba, ranka ya daɗe, gaskiya ne. Sai dai kada mu ɗauka duk ɗaya ne. 'Yan daudu da yawa suna ɗaukar kansu maza, suna aure suna haihuwa. Abin da yaron nan ya faɗa, ƙyamar jikinsa da gemunsa, wani abu ne da likita ya kamata ya zauna ya saurara a tsanake. Wani ma a binciken sai a tarar da ciwon damuwa mai tsanani, ko wani abu da aka taɓa yi masa yana ƙarami bai faɗa wa kowa ba. Kuma in akwai alamar jikin nasa da kansa ya zo da bambanci, gwajin homon da hoto zai nuna. Ciwon damuwa dai ana maganinsa a Kano, yau ɗin nan.

Barista Hauwa: Bari in sa baki ta ɓangarena, don na ga ana cewa a kai shi wajen hukuma a wani sharhin da Admin ya goge. Kada a yi. Har yanzu yunƙurin kashe kai laifi ne a dokar Final Kod da Arewa ke amfani da ita, sashe na 231, ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ko biyan tara. A Kudu sashe na 327 ne na tasu dokar. Legas ce ta sauya tata tun 2011 ta mayar da abin na asibiti, Ghana ma ta soke a 2023. Ga dokar hana auren jinsi da Jonathan ya sa wa hannu a 2014, ga dokokin jiharmu a kan namiji mai shigar mata. Yaron da ke cikin wannan halin in ya shiga hannu, daga tozarci sai abin da ya fi shi. Asibiti ne wurinsa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta ba mara lafiya haƙƙin a rufa masa asiri. 'Yar uwa, ki ce wa likita abin da kuka faɗa ya tsaya a ɗakin.

Abban Khalifa: Barista, in aka je asibitin ma likitocin nawa ne? Duk Najeriya likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba, rabi sun bi Dakta Musa Ingila.

Dakta Musa: Na ji, na karɓi tawa.

Sista Binta: Ƙarancin gaskiya ne, amma mu da muka rage muna nan. In ta ce wa ma'aikacin karɓar kati yaron yana maganar mutuwa kuma ya raba kayansa, ba layin kowa za a sa shi ba. Ta faɗa da wannan lafazin, kada kunya ta sa ta ce wai ba ya jin daɗi ne kawai.

Ummi Tarauni: Ni har yanzu raina bai kwanta ba. Za a yi masa maganin damuwa, a lallashi Baffa, sannan me? Abin da ke cinsa yana nan. Shekara goma masu zuwa a haka zai zauna yana aske gemu yana kuka?

Dakta Musa: Ba ni da amsar da za ta gamsar da ke, Ummi. Wasu suna samun hanyar zama da abin, wasu jin yana sauyawa da shekaru, wasu ba ya sauyawa, su bar gari. Shekararsa 19, shi zai yanke wa kansa wannan a gaba, ba ni ko ke ba. Na dai san mai ciwon damuwa mai tsanani ba ya ganin hanya ko da tana gabansa.

Ɗan Gwale: Ni dai ina nan a kan ruƙiyya.

Malam Auwalu: A yi masa addu'a, babu laifi, ni ma zan yi. Amma ban da duka, ban da ɗaurewa, ban da turaren da zai shaƙe shi, kuma ba a madadin asibiti ba. Auren da ka ce kuwa, 'yar wa za a ba shi a zalunta?

Hajiya Ladi: Wallahi Malam ka faɗa. Kullum mace ce maganin gyaran namiji, kamar paracetamol.

Admin: 'Yar uwar ta sake turo saƙo:

"Na gode, Allah ya saka. Jiya bayan isha'i na tambaye shi kamar yadda Sista ta ce. Ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce e, har ya sa rana. Na kwana a ƙofar ɗakinsa, autanmu ya kwana a ciki. Da safe muka hau adaidaita muka je asibiti, likita ya gan shi shi kaɗai kusan awa ɗaya, ya ba shi magani, ya ce mu dawo ranar Talata, kuma kada a bar shi shi kaɗai kafin nan. Ƙwayoyin ya ba ni da hannunsa. Umma ta ce in Baffa ya kore shi ita ma za ta bi shi gidan Kawu a Kurna. Baffa bai san mun je ba tukuna. Malam, Admin zai ba ka lambata, amma don Allah ka bari sai bayan sallar Juma'a, lokacin ya fi sakin fuska. Sista, maganin yana sa shi barci da rana, haka yake ko in koma in faɗa?"

Sista Binta: Wasu suna sa haka a makon farko. Kada ya daina sha, ki riƙe maganin a wajenki kina ba shi na kowace rana. Turo min sunansa ta akwatin Admin in gani.